Kun rabu ba aure, ga ɗa a tsakani: kurakuran da ke raba uba da ɗansa

Na taɓa ganin wani saurayi a unguwar Kakuri ta Kaduna tsaye a ƙofar gidan su yarinyar da ta haifa masa ɗa, riƙe da leda mai gwangwanin madara biyu. Ya fi awa guda yana aiken yara su yi masa sallama. Can kakar yaron ta leƙo ta ce, "Ɗana, miƙo kayan ka tafi, yau ba za ka gan shi ba." Bayan wata biyu ya je makarantar rainon yara ya ɗauke yaron, ya kai shi wurin tasa uwar a Zariya. Kwanansa uku a hannun 'yan sanda, kuma da aka zo gaban alƙali, wannan ɗaukewar aka fara karanta masa.

Na san zafin da ya ji, amma babu kuskuren da ya kai wannan. Ɗauke yaro daga hannun uwa ba da izininta ko na kotu ba yana iya zama tuhumar satar yaro, ko da jininka ne. In ka riga ka yi, mayar da shi yau, da rakiyar dattijo. Kai ƙara ofishin 'yan sanda ma ɓata lokaci ne, domin ba su ke yanke hukuncin riƙo ba.

Kuskuren da ya fi wahalar da mutane a Kaduna shi ne rashin sanin wace doka ce ta hau kansu. Jihar nan tana da kotunan Shari'ar Musulunci, da kotunan gargajiya, da majistare da babbar kotu, kuma kowace da yadda take kallon ɗan da aka haifa ba aure. A mazhabar Malikiyya da kotunan Shari'a ke bi, ana jingina irin wannan ɗa ga uwarsa ne. Saboda haka Musulmin da ya nufi kotun Shari'a ta Magajin Gari da ke Kaduna yana cewa a ba shi ɗansa, ya sani cewa gwajin DNA kaɗai ba zai sa a tabbatar masa da nasaba ba. Ko a auren da aka ɗaura da Fatiha aka rabu, uwa ce ke riƙon namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. Hanya mafi kusa ga Musulmin da bai auri uwar ba ita ce sulhu da iyayen yarinyar, ta bakin kawunsa ko limamin unguwa. A al'adun ƙabilu da dama kuma, wanda bai biya sadaki ba, ɗan na gidan su uwar ne.

Dokar gwamnati ta fi buɗe ƙofa. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ba uban da bai auri uwar ba damar neman kotu ta amince masa da ɗawainiyar ɗansa, Kaduna kuma ta yi tata dokar kare yara a 2018. Abin da alƙali ke aunawa a nan shi ne maslahar yaron: wa ke ciyar da shi, ina yake kwana, wa ya saba da shi. Kafin ka shigar da takarda, je ka ga lauya. In babu hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, akwai kuma jami'an walwalar jama'a da ke zaunar da iyaye.

Sai maganar kuɗi. Da yawa in an hana su ganin yaro sai su ce to su ma sun rufe aljihu. Yaron ne ke kwana da yunwar, kai kuma ka miƙa hujja a kanka. Ci gaba da ciyarwa, amma daina damƙa kuɗi a hannu a bakin ƙofa. Tura ta banki, biya kuɗin makaranta da na asibiti da kanka, ka adana rasit. Wanda ya musanta ciki tun farko, ko bai damu sunansa ya shiga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ba, aikinsa ya fi yawa, gara ya fara da amsa laifinsa a gaban iyayenta.

Kada ka buɗe baki da neman a ba ka yaro kacokan, balle wanda ba a yaye ba. Nemi ziyara tukuna. Kuma kada ka yarda da "ka zo duk lokacin da ka ga dama", domin ranar da aka yi fushi maganar ta tashi. A rubuta: wace rana, ƙarfe nawa, a gidan wa, wa zai kawo shi, ina zai yi Sallah ko Kirsimeti, nawa za ka riƙa bayarwa a wata. Shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.