Darasi na Bakwai: Fansho Iri Biyu

Fansho shi ne kuɗin da ma'aikaci ke karɓa bayan ya yi ritaya. Iri biyu ne, kuma ya kamata kowane mai cin albashi ya san wanda yake ciki.

Na farko shi ne fanshon alkawari. Ma'aikata ce ke cewa: yi mana aiki, idan ka tsufa za mu riƙa ba ka kaza duk wata har ƙarshen rayuwarka. Ana lissafinsa da abu biyu, yawan shekarun aiki da albashin ƙarshe. Ga misali. A ce duk shekarar aiki ɗaya tana ba ka kashi 1 cikin 60 na albashinka na ƙarshe. Wanda ya yi shekara 30 ya tara kashi 30 cikin 60, wato rabin albashi ke nan. Ko kasuwa ta yi kyau ko ta lalace, rabin nan nasa ne.

To amma alkawari yana tsayawa ne idan mai shi yana tsaye. A 1963 kamfanin motoci na Studebaker ya rufe masana'antarsa a Amurka, aka duba asusun fansho aka tarar kuɗin bai kai ba. Dubban ma'aikata suka tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu ko sisi. Wannan na cikin abin da ya sa aka yi dokar ERISA a 1974, wadda ta tilasta wa kamfanoni su riƙa zuba kuɗi a asusun, ta kuma kafa hukumar da za ta biya ma'aikata idan kamfani ya durƙushe. A Ingila ma, bayan mutuwar attajirin jaridu Robert Maxwell a 1991, aka gano ya kwashe ɗaruruwan miliyoyin fam daga fanshon ma'aikatansa, sai aka tsaurara doka a 1995.

Ana haka kuma mutane suka ƙara tsawon rai. Mai ritayar da a da yakan ci fansho 'yan shekaru, yanzu sai ya ci shekara ashirin ko fiye. Alkawarin ya yi wa ma'aikatu nauyi, da yawa suka rufe ƙofarsa ga sababbin ɗauka.

Na biyu shi ne fanshon karo-karo. Nan babu alkawari. Duk wata ana cirar wani kaso daga albashinka, ma'aikata ta ƙara nata, a zuba a asusu mai sunanka. Kamfanin kula da fansho ya juya kuɗin a hannun jari da takardun bashin gwamnati. Ranar ritaya, abin da ya taru shi ne naka. Ƙasar Chile ta koma wannan tsari a 1981, Najeriya ta bi a 2004. Dokar Najeriya ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, ma'aikatarsa kuma kashi 10. A Birtaniya tun 2012 ake saka ma'aikaci a tsarin fansho kai tsaye, sai in shi ya ce a cire shi.

Karo-karo yana da daɗinsa. Idan ka sauya wurin aiki, asusunka na biye da kai. Idan kamfanin da kake wa aiki ya karye, kuɗinka ba ya hannunsa. Sai dai a lura, domin nan ne mutane da yawa ba su gane ba: a da, idan jari ya faɗi ko rai ya yi tsawo, ma'aikata ce ke cike giɓin. Yanzu kai ne. Shi ya sa, a ganina, bai dace mai karo-karo ya jefar da takardar bayanin asusunsa ba tare da ya karanta ba. Duba ko an zuba na kowane wata, domin wasu ma'aikatun kan cire kuɗin daga albashi amma su ƙi turawa. Duba kuma ladan da kamfanin fansho ke ɗiba. Kashi 1 cikin 100 a shekara kamar ba komai ba ne, amma cikin shekara 30 yana cin babban rabo. Idan ka ga wata ya wuce babu kuɗi, fara da ofishin albashi. In ba su gyara ba, ka rubuta wa hukumar da ke sa ido kan fansho, ka ajiye kwafi.

Aikin gida: Ɗauko takardar albashinka ta watan jiya. Nawa aka cire na fansho? Kashi nawa ne cikin 100 na albashin? Rubuta amsar a littafinka, ka zo da ita aji.