Ga mai son karanta kiɗa a jami'a, daga yayanku na Gadarif

Yara da yawa a unguwarmu nan Gadarif, wasu kuma daga Mairno da Kassala, suna tambayata wai yaya ake shiga karatun kiɗa a jami'a, kuma in an gama ana cin abinci da shi kuwa? To bari in zauna in faɗa muku yadda na san abin, don ni na bi hanyar kuma har yau da ita nake ciyar da iyalina.

Kafin zancen makaranta akwai zancen gida, kuma wallahi shi ne mafi wuya a wajenmu Hausawa. Ranar da na ce wa Baba kiɗa zan karanta yana zaune kan darduma bayan la'asar da carbi a hannu, bai ko ɗago ya dube ni ba ya ce, "Duk karatun da ke duniya sai roƙo? A danginmu waye maroƙi?" Ban ce uffan ba, na tashi na je wajen Baffa, ƙaninsa, na kwashe komai na faɗa masa, cewa digiri ne kamar kowane digiri, ana ba da shahada, mutum na iya zama malamin makaranta da shi ko ya yi aiki a gidan rediyo. Baffa ne ya yi ta zarya kusan wata biyu kafin Baba ya sa albarka, da sharaɗin salla ba za ta wuce ni ba saboda biki. Ƙanena, kada ka yi fito-na-fito da mahaifinka a kan wannan, nemi babba wanda yake jin nauyinsa. Kuma damuwarsu ba ta banza ba ce, sun ga makaɗan da shaye-shaye ya cinye, sai ka nuna musu da halinka cewa kai ba can ka nufa ba. Ke ma ƙanwata haka, naki ma ya fi nauyi. Ki tuna A'isha Falatiyya, 'yar Hausawa ce haifaffiyar Kassala, mahaifinta malami ne bai so ta yi waƙa ba, amma ita ce mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a rediyon Omdurman a 1942, ta yi da Larabci ta yi da Hausa, har ta rasu a 1974.

Makarantar da kowa ya sani a Sudan ita ce Kulliyar Kiɗa da Wasan Kwaikwayo ta Hartum, an buɗe ta a 1969 a matsayin ma'ahadi, daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan. A shekarun 1970 har malamai daga Koriya ta Arewa sun koyar a can. Ba a shiga da murya mai daɗi kaɗai, sai kana da shahada sudaniyya, wato takardar kammala sakandare, saboda haka duk wanda ya ce maka ka bar sakandare tunda kana da baiwa cutarka yake so. Yaƙin da ya tashi ran 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa jami'o'in Hartum, karatu ya koma wani ta intanet wani a wasu jihohi, ita kanta jarabawar shahada sai ƙarshen 2024 aka samu aka yi ta, don haka kafin ka kashe ko sisi ka nemi sanarwar jami'ar da kanta ka ga inda take ɗaukar ɗalibai a wannan shekarar. Wanda Allah ya kai Masar, akwai Akadamiyar Fasaha a Alƙahira mai ma'ahadin kiɗan Larabawa, akwai kuma kulliyar tarbiyyar kiɗa ta jami'ar da aka sani da sunan Helwan. A Saudiyya ma an kafa hukumar kiɗa a 2020, ga 'yan uwanmu na Jidda da Makka.

Bayan shahada sai jarabawar gwajin baiwa, imtihanul ƙudurat. Anan ne nake so mu daɗe. Ba a tambayarka tarihi ko lissafi, kunnenka ake gwadawa. Ni da na shiga malamin yana zaune gaban fiyano, ya ce in juya baya, ya danna sauti ɗaya ya ce maimaita da bakinka, ya danna biyu, ya danna uku a jere, sannan ya rufe fiyanon ya buga wani kari da tafin hannu a kan tebur ya ce mayar min. Da ya buga na ƙarshe sai na ji ai kusan irin kiɗan da matan gidanmu ke yi da ƙwarya a kan ruwa ne ranar suna, hannuna da kansa ya mayar. Ya ce a ina ka koya? Na ce a gida, ustaz.

Abin da nake so ku gane kenan. Yaron da ya tashi yana jin kalangu a bikin unguwa, yana jin gangar daluka a gidan maƙwabta Larabawa, yana jin masu madihu da tambarinsu a maulidi, ya riga ya tara jari mai yawa bai sani ba. Kiɗan Sudan an gina shi kan sautuka biyar, sullam humasi, wato do re mi sol la, kuma yawancin waƙoƙinmu na Hausa ma a kan biyar ɗin suke tafiya, shi ya sa mutanen Kano da Sakkwato ke jin waƙar Sudan ta shige su ko ba su jin Larabcin. Makaranta ba kunne za ta ba ka ba, za ta koya maka sunan abin da kunnenka ya riga ya sani ne da yadda ake rubuta shi.

Yadda za ka shirya, ka ba kanka ko wata shida. Sauke manhajar fiyano a waya da metronom, mai ƙirga maka bugun kiɗa, duk akwai na kyauta. Kullum da safe kafin hayaniya ta tashi ka danna sauti ka bi shi da murya, ka naɗi kanka ka saurara, za ka ji inda kake zamewa, kada ka ji kunyar muryarka a rikodin kowa haka ya fara. Sannan ka kunna metronom a hankali, kamar bugu 60 a minti, kana tafa kiɗan tumtum na Sudan, in ya zauna ka koma mardum na mutanen Kordofan mai bugu shida, shi yana da ɗan wuya don ƙafa na tafiya biyu hannu na tafiya uku. Rabin awa kullum ya fi awa biyar ranar Juma'a kaɗai, wannan na gwada a kaina na gwada a kan ɗalibaina.

In ka shiga, solfej ne zai fara ba ka wahala, wato karanta nota da rera ta kai tsaye daga takarda. Da yawa waɗanda suka zo da suna daga bukukuwa a nan suke karaya, suna ganin ai sun riga sun iya me za a koya musu. Ka daure. Ranar da aka miƙo maka takarda a situdiyo ka kaɗa abin da ba ka taɓa ji ba, ranar za ka san darajarsa. Za ka zaɓi kayan kiɗa guda ka riƙe shi da gaske, ud mai tsirkiya irin ta garaya, ko kamanja, wato gogen Turawa, ko wani abin busa, fiyano kuwa kowa sai ya taɓa shi don da shi ake gane yadda sautuka ke haɗuwa. Wanda ya tafi Masar ya shirya wa maƙamai, wato jerin sautukan kiɗan Larabawa, irin su rast da bayati masu rubu'in sauti, kunnenmu bai saba da su ba, sai an zauna.

Zancen abinci kuma, kada ka jira sai ka gama. Tun kana aji ɗaya ka nemi ƙungiyar da ke zuwa hafla, wato kiɗan biki, ka riƙa ɗaukar musu waya da sifika, a nan za ka ga yadda ake saita sauti da yadda mai org, wanda 'yan Najeriya ke ce wa fiyano, yake riƙe biki shi kaɗai. Org shi ya fi kawo kuɗi da wuri, gaskiya ce. Ka koyi haɗa kiɗa a kwamfuta da FL Studio, ka koyar da yara a gida, ka riƙe shahadarka don aikin koyarwa, ƙofa ɗaya ba ta riƙe makaɗi musamman a wannan hali da muke ciki, ga Ramadan ma bukukuwa tsayawa suke. Kuma ka karɓi rabin kuɗinka kafin ka fita daga gida, ko a hannu ko ta manhajar banki ta Bankak. Na taɓa kaɗa wa wani mai biki tun magariba har aka tashi, da safe ya kashe waya, ni na biya yaran da na ɗauko da kuɗin mota daga aljihuna. Waƙar da ka tsara kuma ka rubuta a takarda wa ya yi baiti wa ya yi kari, kowa ya sa hannu, ko da abokinka ne na ƙuruciya.

In za ka sa wa baitin Hausa kari ka kula da hawa da saukar harshenmu, kuka ta itace daban kuka na hawaye daban, in karin ya murɗe kalmar tsofaffi za su ce ba Hausa kake ba, kalangu ma ai maganar yake bi shi ya sa ake gane kirarin da yake faɗa. Wannan babu malamin da zai koya maka a Hartum ko Alƙahira, kai za ka kai musu. Idan lokacin binciken kammala karatu ya zo, ka ɗauki wayarka ka tafi Mairno, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, ka gaida tsofaffin mata da goro da sukari ka roƙe su waƙoƙin niƙa da na daɓe da na kai amarya, ka naɗa ka zo ka rubuta su da nota, ka tambayi kowace a wajen wa ta ji tata ka rubuta sunan a gefen takardar.