Yadda Ake Shirya Tafiya da Jakar Goyo Zuwa Kufan Maya da Duwatsu Masu Aman Wuta

Duk wanda ke zaune a Garwa ko Marwa ko Njamena, ya kuma ƙuduri aniyar ganin kufan mutanen Maya, al'ummar da ta gina manyan birane a zamanin da, da duwatsu masu aman wuta na Amurka ta Tsakiya, ya kamata ya san cewa mafi wuyar aikin yana nan gida, tun kafin ya ɗaura jaka a baya. Yawancin matafiyan Turai suna shiga waɗannan ƙasashe ba tare da biza ba, shi ya sa shawarwarinsu ba su cika amfanar mai fasfon Kamaru ko Chadi ba. Mu ana neman biza daga gare mu kafin mu shiga Gwatamala ko Honduras ko El Salbado, ofisoshin jakadancinsu a Afirka kuma ƙalilan ne, don haka sai an fara rubuta musu watanni da dama kafin ranar tashi.

Akwai wani dalili da ya ƙara tsananta lamarin. A 'yan shekarun nan dubban 'yan Afirka sun bi ta wannan yanki, musamman ta Nikaragwa, da niyyar kaiwa iyakar Amurka ta ƙasa, sai jami'an shige da fice suka riƙa kallon duk baƙon da ya fito daga nahiyarmu a matsayin mai neman tsallakawa. A watan Oktoban 2023 El Salbado ta sanya harajin dala 1,130 a kan masu fasfon ƙasashen Afirka da Indiya da ke ratsawa ta filin jirginta. Saboda haka mai yawon buɗe ido na gaskiya sai ya riƙe hujjojinsa a bugu a kan takarda: tikitin zuwa da dawowa, shaidar masauki, bayanin asusun banki, takardar wurin aiki ko rajistar kasuwanci, da katin rigakafin cutar shawara. Ya kuma bincika kowane zangon da jirgi zai yada, domin Faransa na neman bizar wucewa daga masu fasfon Kamaru da Chadi ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, Amurka ma haka. Kamfanin Turkish Airlines yana tashi daga Yawunde da Duwala da Njamena zuwa Santambul, daga can kuma yana zuwa Panama, inda ake samun jirage zuwa birnin Gwatamala. Kada a biya kuɗin tikiti sai an tabbatar da sharaɗin kowace ƙasa a rubuce, domin dokokin nan suna yawan sauyawa.

Shawarata ita ce a taƙaita buri. Ƙasashe bakwai ne a yankin, amma wanda ke da wata guda ya fi cin riba idan ya zauna a Gwatamala, ya leƙa yammacin Honduras, sannan ya ƙarasa El Salbado idan biza da guzuri sun ba da hali. Gwatamala da Honduras da El Salbado da Nikaragwa suna da yarjejeniya tun 2006 wadda ake kira CA-4, kuma a ƙarƙashinta kwanakin da aka ba baƙo, waɗanda ba sa wuce 90, na ƙasashen huɗu ne gaba ɗaya, tsallaka iyaka ba ya sabunta su. A tambayi ofishin da ya ba da biza ko tana aiki a maƙwabta. Lokacin tafiya kuwa ba zai yi mana wuyar ganewa ba, domin rani yana farawa a Nuwamba ya kai Afrilu, damina kuma daga Mayu zuwa Oktoba, kuma rani ya fi dacewa da hawan dutse. Sefa ba ta karɓuwa a can, sai a nemi dala sababbi marasa yagewa tun daga gida. El Salbado da dala take ciniki tun 2001, Gwatamala tana da quetzal, Honduras kuma lempira.

Harshen yankin Sifaniyanci ne, kuma wanda ya karanta shi a lise, wato makarantar sakandare, kamar yadda ɗalibai da yawa suke yi a Kamaru, ya riga ya yi nisa. Mai jin Faransanci ma zai kama shi da sauri. Ya dace a fara zama na mako guda a Antigua, tsohon babban birnin Gwatamala, wanda ke da makarantun koyar da baƙi harshe, malami ɗaya ga ɗalibi ɗaya, ana kuma iya sauka a gidan wasu iyalai a ci abinci tare da su. Wannan makon yana da wata fa'ida, domin garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500, jiki zai saba da iskar tudu kafin a fuskanci manyan duwatsu.

Jaka kada ta wuce abin da mutum zai iya goyawa ya yi tafiyar awa guda ba tare da ya sauke ba. Takalmin hawan dutse a saye shi da wuri a riƙa sa shi har ya saki. A ɗauki rigar ruwa, tocila ta ɗaurawa a goshi, maganin sauro saboda zazzaɓin dengi, da kan soket irin na Amurka, tunda wutarsu bolt 120 ce. Ruwan famfo ba na sha ba ne.

Daga Antigua ake hawan Acatenango, dutse mai tsayin mita 3,976, kuma a nan ne nake son mai karatu ya natsu sosai. Ana fara hawa daga ƙauyen La Soledad, a ratsa gonakin masara da dajin da hazo ke lulluɓewa, a yi awa biyar ko shida a kan ƙasa mai yashin toka da ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa, kafin a kai sansanin kwana. Abin da ke kai mutane can shi ne maƙwabcinsa Fuego, wanda ke yawan yin aman wuta. Da rana hayaƙi kawai ake gani yana tashi, amma da dare sai a ga jajayen duwatsu suna tsalle sama suna gangarowa ta gefen dutsen, ƙarar kuma ta iso daga baya, har a ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tanti. Sanyin wurin ya wuce duk wani hunturun da aka sani a Marwa, domin yakan kai ga ƙanƙara, kuma a watan Janairun 2017 sanyi ya kashe masu hawa shida a kan wannan dutse. Kada a hau ba ɗan jagora, a karɓi hayar babbar riga da safar hannu da hula a Antigua, a riƙa shan ruwa, idan kuma ciwon kai da amai suka tsananta a sauko ba tare da jayayya ba. Ana tallata wa baƙi ƙarin tafiya zuwa kusa da bakin Fuego, ni dai ban ga hikimar hakan ba. Aman da ya yi ranar 3 ga Yunin 2018 ya binne ƙauyuka, ya kashe mutane fiye da 100. Mutanen Kamaru, ƙasar da iskar guba daga tafkin Nyos ta hallaka kimanin mutum 1,700 a 1986, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan haɗarin irin wannan ƙasa. Wanda bai amince da ƙarfinsa ba ya wadatu da dutsen Pacaya, wanda ake hawa a sauko cikin rabin yini. Horo kuwa tun daga gida ake fara shi, a duwatsun Tingilin da ke kusa da Garwa ko a tuddan Ngaundare, da jaka a baya.

Tikal, kufan wani babban birnin Maya, tana arewacin Gwatamala, cikin dajin Petén. Daga birnin Gwatamala ana kwana a mota zuwa garin Flores, ko a hau jirgi na kimanin awa guda, sannan a yi tafiyar kilomita 65 zuwa kufan. A tafi da asuba kafin zafi ya taso, shigar asuba kuma tana da tikitinta daban da ɗan jagora. A bakin hanyar shiga akwai wani ƙaton rimi, irin namu sak, itacen da Maya suka ɗauka yana haɗa sama da ƙasa, wanda kuma Gwatamala ta mayar da shi itacen ƙasa. A babban fili akwai Haikali na Ɗaya mai tsayin mita 47, inda aka binne sarki Jasaw Chan K'awiil, wanda ya ci birnin Calakmul, abokin gabar Tikal, da yaƙi a shekarar 695. Ba a hawa wannan, amma ana hawa Haikali na Huɗu ta matakalar katako, daga samansa kuma ana hango kawunan sauran gine-ginen sun huda dajin, birai masu ruri suna amsa wa juna ta ko'ina. Abin da ya kamata mutumin Sahel ya nema ya gani shi ne tafkunan da suka haƙa, domin birnin ba shi da kogi, da ruwan damina da suka tara suka rayu ɗaruruwan shekaru, kuma masana suna lissafa fari mai tsawo cikin dalilan da suka sa aka watse daga birnin a wajejen ƙarni na 9 zuwa na 10.

Copán, kufan wani birnin Maya da ke cikin Honduras dab da iyakar Gwatamala, ba ta kai Tikal girma ba, amma ta fi ta kyawun sassaƙa. Akwai matakala mai ɗauke da alamomin rubutu kimanin 2,000 masu ba da tarihin gidan sarautar da aka kafa a 426, da wani dutse mai kusurwa huɗu da aka zana sarakuna 16 a jikinsa. A El Salbado kuma akwai Joya de Cerén, ƙauyen manoma da toka ta binne a wajejen shekarar 600, aka gano shi a 1976. Mazaunansa sun tsere, sun bar tukwane da wake da kunyoyin gona yadda suke, kuma a ganina bai kamata a tsallake shi ba, domin sauran kufan labarin sarakuna suke bayarwa, wannan kuwa na talakawa. A tuna kuma cewa Maya ba su ƙare ba. Miliyoyinsu suna raye, suna magana da harsuna fiye da 20 a Gwatamala, kamar K'iche' da Kaqchikel, kuma rashin ladabi ne a ɗauki hoton mutum a kasuwa ko a bakin tafkin Atitlán ba tare da izininsa ba, balle hoton yaro.

Musulmi zai sami abin ci ba wuya, domin abincin yau da kullum shi ne wainar masara da wake da ƙwai da ayaba da kifi, sai dai ana yawan dafa wake da kitsen alade, ana kuma cusa naman alade a cikin pupusa, wainar El Salbado. A haddace “sin cerdo” da “sin manteca”, wato ban da alade, ban da kitse, a faɗe su kafin a zuba abinci. Akwai masallaci a birnin Gwatamala da San Salbado, a wajen manyan birane kuwa mutum zai yi sallarsa ta ƙasaru a masauki, alƙibla tana arewa maso gabas, agogonsu kuma yana bayan namu da awa bakwai.

Motocin haya na talakawa tsofaffin motocin 'yan makaranta ne da aka kawo daga Amurka aka yi musu fenti mai ado. Suna da araha kuma sun dace da gajeren zango da rana, amma a riƙe ƙaramar jaka mai fasfo da kuɗi a kan cinya. Dogon zango da tsallaka iyaka sun fi sauƙi a ƙananan motocin baƙi da masaukai ke haɗa mutum da su. A kowace iyaka a sauka da kai, a tabbata an buga hatimin fita da na shiga, a karɓi rasidin duk abin da aka biya, a kuma duba adadin kwanakin da jami'i ya rubuta kafin a bar gaban tagarsa, domin wanda ya zarce wa'adi tara zai biya a filin jirgi ranar komawa.