Yadda ɗalibi mai tuƙi zai raba hannunsa da waya

Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 duk sakan ɗaya. In ka yi sakan biyar kana karanta saƙon wakilin aji cewa an sauya ɗakin lacca, ka shafe mita 83 idonka ba ya kan titi. A titin Gwarzo, tsakanin tsohuwar Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) da sabuwa, wannan tazarar ta ishi ɗan adaidaita sahu ya taka birki a gabanka don ɗaukar fasinja, ba sigina ba komai.

Don haka aikin duka kafin ka murza makulli ake yinsa. Duba guruf ɗin ajinku na WhatsApp sau ɗaya, ka rufe masa murya na awa 8. Wanda ke jiranka, tura masa wurin da kake kai tsaye na awa 1, ya daina kiran "kana ina?" A iPhone shiga Focus ka kunna Driving, wato tsarin da ke rufe sanarwa lokacin tuƙi, ka saita ta ta kama da kanta da zarar wayar ta haɗu da Bluetooth ɗin mota. A Android kunna tsarin "kada a dame ni", ka bar lamba biyu kacal su shigo, misali Umma da Baba.

Inda ka ajiye wayar ma magana ce. Cinya ita ce mafi muni: birki ɗaya za ta zame ƙasa wajen feda, kai kuma sai ka sunkuya nema. Jefa ta a jaka, jakar a kujerar baya. In kana buƙatar taswira, ɗaure ta a mariƙi daidai tsayin ido, ka sa adireshi tun kana tsaye, ka bi murya.

Abin kunne yana sakar maka hannu, amma hankalinka yana can wajen mai magana, ga shi yana toshe maka hon ɗin na baya. Danja ma ba wurin buɗe saƙo ba ce.

In kiran ya zama dole, sa sigina, sauka daga kwalta gaba ɗaya, nesa da kwana da gada, ja birkin hannu, sannan ka ɗauka. In da aboki a gefe, miƙa masa ya amsa. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na cin tarar duk wanda suka kama da waya a hannu yana tuƙi, ko da a cikin cunkoso yake rarrafe.