Yadda ake ƙulla yarjejeniyar rataya wayar intanet a falwayar ƙungiyar lantarki ta gama-kai a Amurka

A ƙauyukan Amurka, falwayoyi da yawa na ƙungiyoyin gama-kai ne, waɗanda manoma suka kafa bayan dokar kai lantarki karkara ta 1936. Yau sun kusa 900, kuma masu shan wutar su ne masu ƙungiyar. Kamfanin da ke son kai wayar intanet ta faiba ƙauye ya fi samun sauƙi idan ya rataya ta a falwayarsu maimakon haƙa rami.

Idan kai ne mai irin wannan kamfani, da farko ka san dokar da ke kanka. Dokar tarayya ta 1978 ta ba hukumar sadarwa ta tarayya, wato FCC, ikon ƙayyade kuɗin hayar falwaya, amma ta cire ƙungiyoyin gama-kai. Ke nan ciniki ne tsakaninku, sai dai idan jiha ta sa baki. A Jojiya, alal misali, hukumar jihar mai kula da harkar lantarki ta amince a 2020 da hayar dala 1 kacal a shekara kan kowace falwaya a yankunan da intanet bai kai ba.

Sai ka nemi babbar yarjejeniya a rubuce kafin ka taɓa ko falwaya ɗaya. A cikinta ake faɗin kuɗin haya na shekara, inshora, da tarar wanda ya rataya waya ba izini.

Na uku, ka bi hanyar da ƙafarka. Ka rubuta lambar kowace falwaya, tsayinta, da abin da ke rataye a kanta, ka miƙa takardar neman izini. Injiniyan ƙungiyar zai lissafa ko za ta ɗauki ƙarin nauyi idan iska ta taso ko ƙanƙara ta lulluɓe wayoyi.

Mataki na huɗu shi ne gyaran wuri, kuma nan kuɗi ke tafiya. Ƙa'idar tsaro ta ƙasar tana son tazarar inci 40 tsakanin wayar wuta da ta sadarwa a jikin falwaya, don kada wuta ta kama ma'aikacin da ya hau. Ba abin ciniki ba ne wannan, rai ne. Idan babu wuri, sai a matsar da wayoyin wasu, ko a cire falwayar a kafa doguwa. To wa zai biya? Ƙungiya za ta ce da ba don kai ba da ba a taɓa ta ba, kuma kuɗin membobinta ne. Kai kuma za ka ga itacen ya tsufa, ko babu kai lokacin canjinsa ya yi. A ganina adalci shi ne a duba shekarun falwayar a raba kuɗin, a kuma rubuta yadda za a raba tun kafin a fara aiki. Ka nemi a sa wa'adin kwanaki ga kowane mataki, domin aiki kan tsaya watanni a nan.

Bayan an rataya, ƙungiya za ta zo dubawa. Ka maƙala alamar kamfaninka a jikin wayar, ka ba su lambar da za su kira dare ko rana idan mota ta karya falwaya, sannan ku tsayar da lokacin da za a riƙa ƙirga falwayoyin tare.