Yadda na gyara lissafin tafiyar zafi a silikon

Alhamdu lillahi, abu ya daidaita. Na fara digirin dakta nan Bauchi kan tafiyar zafi a ma'aunin nanomita, LAMMPS kuwa, wato manhajar kwaikwayon motsin atam a kwamfuta, ya yi ta ba ni ƙimar tafiyar zafi a silikon (k) can ƙasa da kusan 150 W/mK da ake aunawa a zafin ɗaki. Na rage takun lokacin lissafin zuwa 0.0005 ps (pikosakan), na bar Tersoff na koma Stillinger-Weber (hanyoyi biyu na lissafa ƙarfin da ke tsakanin atam), shiru. Har ɗauke wuta na zarga.

Ashe akwatin da na jera atam ɗin a cikin manhajar ne gajere: fonon (girgizar atam da ke ɗaukar zafi) masu dogon zango suna cin karo da iyaka tun ba su yi nisa ba. Sai na bar faɗinsa yadda yake, na gudanar da tsawon nanomita 50, 100, 200 da 400, na zana 1/k a kan 1/L (L shi ne tsawon akwatin), na miƙa layin har inda 1/L ya zama sifili. Na juya lambar 1/k da na samu a wurin don samun k, ƙimar ta hau sosai.