Idan kamfani ya rage ma'aikata a Yamai: ka yi lissafinka kafin ka sa hannu

A Nijar babu kuɗin da gwamnati ke ba mutum duk wata don ya rasa aiki. Masu ƴan'uwa a Faransa sukan ji labarin irin wannan tallafi, sai su ɗauka cewa CNSS, hukumar kula da fansho da tallafin ma'aikata wadda ma'aikata ke kira Kes, za ta riƙe su har su samu wani aikin. Ba haka ba ne. Kes rassa uku take da su: tallafin iyali, haɗarin wurin aiki da cututtukan sana'a, sai fansho. Kashi 5.25 cikin ɗari da ake cire maka daga albashi duk wata na fansho ne, kuma sai ka kai shekara 60 ake maganarsa. Saboda haka abin da ka fito da shi ranar sallama shi ne guzurinka, shi ya sa kowane layi na takardar lissafi yake da muhimmanci.

Dokar da ke aiki ita ce dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, tare da yarjejeniyar gama-gari tsakanin masu kamfanoni da sandika. Kora saboda matsin tattalin arziki tana da nata tsari. Shugaban kamfani ba ya tashi da safe ya manna sunaye a bango. Sai ya tara wakilan ma'aikata, wato delege, a gaban sufeton aiki, ya kawo dalilansa a rubuce, ya nuna yadda ya zaɓi waɗanda za su tafi. Ana duba ƙwarewa, daɗewa a kamfani, da nauyin iyali. Kowane wanda abin ya shafa sai an ba shi takardar kora da ta faɗi dalili. Delege kansa ba a sallamarsa sai da izinin sufeto. Idan an tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, ka rubuta shi da kwanan wata ka ajiye, don shi ne makaminka a kotu.

Akwai tarkon da ake yawan ɗana wa mutane tun kafin a kai nan. Sai a kira ka ofis, a kawo maka ruwan sanyi, a ce: "Malam, ka rubuta takardar ajiye aiki da hannunka, mu ba ka ɗan abin sallama, sunanka ya fita da tsabta." Kada ka rubuta. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da kuɗin kora, ba shi da watan kari na rage ma'aikata, kuma shi ne ma ake bi bashin wa'adi, wato lokacin sanarwa kafin a rabu. Haka nan idan aka nemi laƙa maka babban laifi ana tsakiyar rage mutane, ka san inda aka dosa, domin babban laifi yana soke wa'adi da kuɗin kora gaba ɗaya.

To, me ke cikin kuɗin sallama? Abubuwa biyar ne, kuma kowanne sai ya fito a layinsa. Takardar da ta dunƙule komai a lamba guda, ka mayar da ita.

Na farko albashin kwanakin da ka yi aiki a watan ƙarshe, da duk awowin kari da ba a biya ba. Na biyu wa'adi, preyabi a bakin ma'aikata. Mai karɓar albashin wata yana da wata 1, manyan ma'aikata irin injiniyoyi da shugabannin sassa wata 3. Ko dai ka yi aikin wa'adin ana biyanka, tare da lokacin fita neman wani aiki kowane mako ba tare da an taɓa albashinka ba, ko kuma a ce ka tafi yau a biya ka kuɗinsa cif. Na uku konje, wato hutun shekara, da ba ka ci ba: kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara. Na huɗu watan kari na musamman da doka ta ba wanda aka sallama saboda matsin tattalin arziki: albashin wata 1 kafin a cire komai, kuma ba a yanka masa haraji. Wannan shi ne aka fi "mantawa" da shi.

Na biyar shi ne mai nauyi, kuɗin kora, kuma a nan ake shan mutane. Sai ka cika shekara 1 a kamfani kake da shi. Yarjejeniyar gama-gari ta 1972 ta tsara shi haka: kashi 20 cikin ɗari na albashin wata ga kowace shekara daga ta 1 zuwa ta 5, kashi 30 daga ta 6 zuwa ta 10, kashi 35 ga abin da ya haura 10. Ka ɗauki wannan a matsayin mafi ƙaranci, ka duba kwantaraginka da yarjejeniyar da kamfaninku ke bi a yau, domin inda aka rubuta fiye da haka, mafi yawan ne naka.

Ga misali. Direba ne a wani kamfani, ya yi shekara 8 da wata 6, abin da yake samu a wata jika 200 na sefa idan aka haɗa komai. Shekara 5 na farko, 5 sau kashi 20, ya ba da albashin wata guda: 200,000. Shekara 3 na gaba, 3 sau kashi 30: 180,000. Rabin shekarar da ta rage ba a zubar da ita, tana da 30,000. Kuɗin kora ya kama 410,000. A ƙara wa'adi 200,000, watan kari 200,000, da konje na wata 10, kwana 25 kenan, kusan 166,600. Jimla ta doshi 976,600, ban da kwanakin watan ƙarshe. Za a cire haraji da kuɗin Kes daga wa'adi da konje, tunda su albashi ne.

Yanzu dubi inda ake yankewa. Albashin da ake lissafi da shi matsakaicin abin da ka samu ne a wata 12 na ƙarshe, har da kuɗin daɗewa da sauran kari na yau da kullum. Abin da ba ya shiga shi ne kuɗin da aka mayar maka don ka kashe a hidimar kamfani, kamar na tafiya. Mai lissafin da ya ɗauki tushen albashi kawai, a ce jika 140, zai fitar wa direban nan 287,000 maimakon 410,000. Jika 123 sun tafi, kuma takardar tana da kyau a ido, da tambari da sa hannu. Wata hanyar kuma ita ce ranar fara aiki. Mutum ya yi shekara 2 a kan kwantaragi mai wa'adi ana sabuntawa kafin a tabbatar da shi, sai a fara ƙirga daga ranar tabbatarwa. Ka kawo takardar albashinka ta farko, ita ce shaida. Shi ya sa muke cewa a kwashe takardu a kai gida tun ranar da aka fara raɗe-raɗi, kafin a rufe maka kwamfuta a karɓe mabuɗin ofis.

Masu aiki ta hannun ɗan kwangila su lura. Wanda sunansa ke kan takardar albashinka shi ne ubangidanka a doka, ba babban kamfanin da kake share wa fili ko gadin ƙofarsa ba. An ga bambancin nan a fili lokacin da Cominak, kamfanin haƙar uranium, ya rufe ma'adininsa na Akouta kusa da garin Akokan a ƙarshen Maris 2021, inda ma'aikatan kamfanin da na ƴan kwangila ba a ma'auni ɗaya aka sallame su ba.

Batun sa hannu yana da fuska biyu. Rasidin da aka rubuta cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka ba ya hana ka neman ragowar, don haka kana iya karɓar cek ɗinka, ka rubuta da biro kusa da sa hannunka cewa ka karɓa amma ba ka yafe abin da ya rage ba. Takardar sulhu da aka sa wa hannu a gaban sufeton aiki ita ce ba ta da gyara. Abin da kuka daidaita a kansa ya rufu. Kada ka shiga ofishin sufeto sai da lissafinka a rubuce, kuma in da hali da wani ɗan sandika da ya saba da irin zaman. Idan sulhu bai yiwu ba, sai a ba ka takardar rashin daidaito ka nufi kotun ma'aikata, inda shigar da ƙara kyauta ne. Bashin albashi yana mutuwa bayan shekara 2, kada a yi ta jan ka da "dawo bayan Salla".

Kafin ka bar ƙofa ka karɓi takardar shaidar aiki mai ɗauke da ranar shiga, ranar fita da muƙaminka. Daga nan ka je Kes da lambarka ka nemi jerin watannin da aka zuba maka. Akwai kamfanonin da ke cire kuɗin a takarda amma ba sa kai shi, kuma gara a gano yanzu da mai kamfani yana gari, da a gano kana da shekara 60. Watannin da aka zuba ba sa ɓacewa, sabon wurin aiki zai ɗora a kan lambar nan. Sai ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka yi rajistar mai neman aiki. Ba sa ba da kuɗin wata, amma katinsu ana tambayarsa wajen ɗaukar aiki, kuma ta nan ake jin labarin horo.

Mai bashin banki ya yi hattara. Idan albashinka ta banki yake bi kuma ka ci bashi a kansa, kuɗin sallama na sauka banki zai iya riƙe nasa tun kafin ka gani. Ka je wurinsu da wuri, ka karanta takardar inshorar bashin, domin galibi mutuwa da naƙasa take rufewa, ba rasa aiki ba. Ka nemi a sake tsara biyan a rubuce. Inshorar asibiti ta kamfani ita ma tana tsayawa, ka tambayi ranar tsayawarta, mai shan magani kullum ya karɓi nasa kafin ranar.

Saura abu ɗaya da mutane ke sakaci da shi. Wanda aka sallama saboda matsin tattalin arziki yana da fifiko har shekara 2 idan kamfani ya sake buɗe gurbi irin nasa. Amma sai an san inda za a same ka. Ka rubuta wa kamfani lambar wayarka da akwatin gidan waya, ka kai da hannunka, a buga maka tambarin karɓa a kwafinka, kuma ka sake yin haka duk ranar da ka canza lamba.